Giyar Kekena a Hannun Kafinta

Surukina, mahaifin matata, ya yi shekara arba'in da ɗaya yana kafinta, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji wannan labari. A ganinsa abubuwan duniya kashi biyu ne: waɗanda ya gyara, da waɗanda bai kai gare su ba tukuna. Ranar Alhamis ya sauka gidanmu don likita ya duba masa ido ranar Laraba mai zuwa, ko da yake shi cewa ya yi idonsa garau yake, 'yarsa ce kawai ke son ɓata wa likita lokaci. Ya zo da jakar kaya guda, da akwatin kayan aiki wanda ya fi jakar nauyi.

Ni kuwa a lokacin wata takwas ke nan rabona da aiki. Matata ce ke riƙe da gidan, ni ina riƙe da tsintsiya. Ana nan sai wani kamfanin kai saƙo ya kira mu mu huɗu masu neman aiki, alhali mutum biyu yake nema. Sharaɗin shi ne kowa ya zo da kekensa mai lafiya ranar Litinin da ƙarfe takwas, a gwada shi. Ofishin nasu yana can ƙololuwar tudun da ke bayan kasuwa, wanda ko motar haya sai ta yi nishi kafin ta hau.

Kekena lafiyarsa lau, sai abu ɗaya. Giya bakwai gare shi. In ina kan ta uku sai in ji ƙar-ƙar-ƙar, sarƙa ta tsallaka ta huɗu da kanta, feda ta zame, gwiwata ta bugi kan keken. Ranar Juma'a da yamma muna shan shayi na ce wa matata gobe zan kai wa Mai Faci na bakin layi ya duba. Kuskurena shi ne na faɗa da ƙarfi.

"Wa za ka kai wa?" in ji Baba daga cikin ɗaki.

"Mai Faci, Baba. Na bakin layi."

Ya fito yana gyara fensirin da ke bayan kunnensa. "Ango, ina cikin gidan nan, za ka ɗauki keke ka wuce ta gabana ka kai wa mai liƙe roba?"

Shekara bakwai da aurena, har yau Ango yake ce mini. Ni kuma a shekara bakwai ɗin nan ban taɓa ce masa a'a ba, ban ma san ta inda ake fara ta ba.

"Baba, kada ku wahalar da kanku. Ɗan ƙaramin abu ne."

"Ai shi ya sa. Da babba ne da na ce a bari in huta."

Asabar da safe, kafin in gama wanke fuska, ya fitar da keken ƙofar gida ya kifa shi, tayoyi a sama. Ya shimfiɗa buhu, ya jera guduma, zarto, magagari, filaya, tef ɗin awo da sukurudireba uku. Na tambaye shi zarton na mene ne, ya ce ma'aikaci ba ya fita da rabin kaya. Tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofarmu, ya juyo da keken ɗinkinsa bakin ƙofa don kada wani abu ya wuce shi.

A gefen tayar baya akwai faifai bakwai masu haƙora, daga babba zuwa ƙarami, su ne giyar. A ƙarƙashinsu akwai wani ɗan hannu na ƙarfe wanda ke tura sarƙa daga wannan faifai zuwa wancan. Baba ya kai fuskarsa dab da wannan hannu har gemunsa ya shafi baƙin mai, sai ya ɗago yana girgiza kai.

"Zo ka gani. Me ka gani nan?"

"Noti biyu, Baba."

"Noti biyu da kawunansu a tsaye! Da a kujera ne da sun yaga wa mutum wando. Shekara nawa kana hawa abin nan da noti a kwance?"

Ya sa sukurudireba ya murɗa na farko har ya nutse, ya murɗa na biyu har sai da jijiyar wuyansa ta fito. Ya ce in juya feda. Na juya, na danna giya ta koma ta biyu, ba ta koma ba. Na danna ta shida, ba ta je ba. Sarƙa ta zauna daram a tsakiya tana ƙara kamar injin niƙa.

"Ta tsallaka?" in ji Baba.

"Ba ta tsallaka ba, Baba. Amma kuma ba ta canjawa gaba ɗaya."

"Jiya ka ce tana canjawa da kanta. Yau ka ce ba ta canjawa. Ango, kai me kake so ne a duniya?"

Tela ya ɗago kai. "Baba Kafinta, ina ganin so yake ta canja in ya ce ta canja."

"To ai sai ya faɗa tun farko. Kai kuma ka ji da zarenka."

Baba ya tsaya yana nazari, hannu a ƙugu. Can sai ya yanke hukunci cewa notin nan biyu ba su da wani aiki, kamfani ne ya saka su don cika ido. Ya kwance su gaba ɗaya ya jefa a aljihu. Na sake juya feda, sarƙa ta bi faifai bakwai ɗin nan a guje, ta wuce na ƙarshe, ta faɗo ƙasa ta kwanta a kan buhu.

"Yauwa," in ji shi. "Yanzu ta sake jiki. Yanzu za mu ga ainihin ciwon."

Na shiga gida na sami matata tana guga.

"Ki je ki yi masa magana."

"Kekenka ne."

"Mahaifinki ne."

"Da ka buɗe baki jiya ni na sa ka?"

"Litinin fa jibi ce. In keken nan ya mutu, tsintsiyar nan ni da ita sai wata shekara."

Ta ajiye dutsen guga, ta fita. Ina ji ta ce, "Baba, da kun bar shi haka, rana ta yi zafi, ga idonku." Ya ce mata idon da ya ga noti biyu da mijinta ya shekara bai gani ba, ba a kiransa mara lafiya. Ta dawo ta ɗauki dutsen gugarta, ta ce ta yi iyakar ƙoƙarinta.

Da na koma waje na tarar ya gano ainihin ciwon. Ya kira Tela, ya kira Maman 'Yan Biyu da ke shanya a gidan da ke jikin namu, ya nuna musu haƙoran faifan da bakin fensir.

"Ku duba nan. Wannan dogo, wannan gajere. Wannan ya karkata, wannan an gutsure masa gefe. Ta ina sarƙa za ta zauna lafiya a kan wannan? Da a shagona wani ya wasa mini zarto haka, ranar zai bar aiki."

"Ikon Allah," in ji Maman 'Yan Biyu. "Kuma haka suka sayar masa?"

"Haka suka sayar masa. Sun ga fuskarsa."

Na ce, a hankali, ko dai haka ake ƙera su. Baba ya dube ni da tausayi, ya ce haka duk mai aikin ha'inci yake cewa. Ya ɗauki magagari, ya zauna a kan kujerar tsugunno, ya fara da babban faifai. Tun hantsi yake goga har rana ta yi sanyi, haƙori bayan haƙori, yana aunawa da tef, yana hure garin ƙarfe. Gaskiya aikin ya yi kyau a ido, haƙoran suka fito tsaf, kansu ɗaya, suna sheƙi. Ya gama faifai shida, ya bar na bakwai, ɗan ƙaramin.

"Wannan fa?" in ji Tela.

"Yaro ne, haƙoransa ba su gama fitowa ba. Ba na wasa abin da bai nuna ba."

Da yamma na yi niyyar in lallaɓa da keken zuwa bakin layi, in ce iska zan sha. Na tarar ya shigar da shi ɗakin da ya sauka, ya jingina shi jikin gado, ya rataya hularsa a kan sirdi. Na tsaya bakin ƙofa ina kallon kekena kamar wanda ya je dubiya asibiti aka ce lokaci ya wuce. Na fara ganin Litinin tana tafiya ba ni.

Lahadi da safe aka mayar da sarƙa. Baba ya taɓa ɗan hannun ƙarfen nan da yatsa, ya ga ya matsa gaba ya dawo. Ya sake turawa, ya sake dawowa.

"Lilo yake yi," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ango, abin nan lilo yake yi."

A rayuwar Baba ba abin da ya tsana kamar abu ya yi lilo. Ya taɓa tashi a tsakiyar cin abinci a gidan mutane ya kifa teburinsu don ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa. Nan da nan zarto ya sami aiki. Ya yanko ɗan katako daga tsohon akwatin da matata ke ajiye takalma, ya fere shi, ya shafa gam, ya cusa shi a gaɓar hannun, ya bi shi da guduma sau uku. Ya tura shi gaba da yatsa, ko motsi, sai dai ya matsa gefe in an danna giya.

Daidai nan Mai Faci ya zo wucewa da taya a kafaɗa. Mutum ne mara yawan magana. Ya yi sallama, ya dubi keken, ya dubi katakon, ya dubi haƙoran da ke sheƙi, sannan ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

"Sannu da aiki, Baba. Ko in ɗan duba muku?"

"Shekararka nawa kana aiki?"

"Goma sha biyu."

"Ni arba'in da ɗaya."

"A keke?"

"A aiki."

"Wannan hannun fa da kuka toshe, dole ne ya motsa. Shi ke ba sarƙa tsawo in ta hau babban faifai."

"Ɗana, abin da aka ɗaure da kyau ba ya neman tsawo. Ka je ka hura tayarka. Ƙarfe biyar ka fito bakin rumfarka, za ka ga aiki kyauta."

Mai Faci ya gyara tayar a kafaɗarsa. Da zai wuce ta kusa da ni ya ce, ba tare da ya motsa leɓe sosai ba, "Yau ba zan rufe da wuri ba."

Ƙarfe biyar layinmu ya cika, don Baba da kansa ya bi gida-gida ya gayyato mutane. Tela ya rufe shago, Maman 'Yan Biyu ta fito da kujera da bokitin wankinta, mai shagon kayan masarufi ya bar ciniki ya tsaya a kan dakali. Layin namu ɗan gangare ne, yana sauka ya ƙare a rumfar Mai Faci, inda ya tara tsofaffin tayoyi a gefe. Na kama keken zan hau, Baba ya riƙe sirdi.

"Wanda ya yi kujera shi ke fara zama a kai."

"Baba, yaushe rabonku da hawa keke?" in ji matata.

"Tun kafin a haife ki nake hawa."

"Na ce yaushe rabonku."

Ya naɗe ƙafar wando, ya hau, ya yi tangal-tangal sau biyu, gangare ya karɓe shi. Sarƙa tana kan ta huɗu, tana zamewa a kan wasassun haƙoran nan, kas, kas, kas, amma keken na tafiya. Baba ya saki hannu ɗaya ya ɗaga wa jama'a.

"Ta huɗu!" ya yi shela. Ya danna. "Ta uku!"

Sarƙa ta hau ta uku da ƙyar, ta miƙe tsam. Wasu suka fara tafi. Ni ma, Allah ya sani, na ɗan ji sanyi a raina.

"Ta biyu! Ku duba da kyau, ta ɗa..."

Ba noti da zai tsayar da hannun, ba lilo da zai ba sarƙa tsawo. Hannun ya wuce babban faifai ya kutsa cikin siraran ƙarafan taya, muka ji ƙararas! Katakon ya yi tsalle ya faɗa cikin bokitin Maman 'Yan Biyu. Tayar baya ta tsaya cak, ta ja baƙin layi a ƙasa, keken ya juya gefe, ya ajiye Baba a hankali cikin tulin tsofaffin tayoyi, gindi a ƙasa, gwiwoyi a sama, hula a kan hanci.

Muka ruga ni da matata. Ko ƙwarzane bai yi ba, sai dai ya shige cikin taya ya kasa fita, sai da ni da Tela muka kama hannuwansa muka zaro shi.

Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya gyara hula. "Kun dai gani da idonku," in ji shi. "Har ta biyu ta shiga."

Nan Tela ya kasa riƙewa, ya durƙusa yana dariya har da buga ƙasa, sauran jama'a suka bi shi. Ni ban yi dariya ba. Ina kallon hannun ƙarfen nan ya nannaɗe a cikin taya, ƙarafa biyar sun karye, sai na ji hawaye na neman zubo mini a gaban mutane.

Mai Faci ya ɗauki keken ya rataya a ƙugiyar rumfarsa. Ya daɗe yana dubawa.

"Tun farko me yake yi?" ya tambaye ni.

"Daga ta uku yana tsallakawa ta huɗu."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya sa yatsa biyu a kan wani ɗan baƙin abu na roba, inda wayar giya ta shiga jikin hannun. Duk kayan giyar nan, shi da ɗan ƙaramin faifai ne kaɗai Baba bai taɓa ba.

"Wayar ce ta ɗan saki. Wannan ake murɗawa, kwata ɗaya, haka." Ya murɗa. "An gama. Ko zama ba sai ka yi ba."

"Wannan ba noti ba ne," in ji Baba. "Ina bakin da sukurudireba za ta kama?"

"Da hannu ake yi, Baba. Notin nan biyu kuwa da ke aljihunku, su ke hana hannun shiga taya. Haƙoran kuma da gangan aka yi su dogo da gajere, don sarƙa ta sami matakala."

"Aikin ragwaye," in ji Baba. Ya juya ga jama'a. "Ƙarfen zamani ne ba shi da ƙwari. Da katako ne da yanzu yana nan."

Na tambayi Mai Faci gobe fa. Ya ce ƙarafan taya yana da su, zai sa yanzu. Amma hannu da faifai sai an buɗe shagon dillali, kuma ba ya buɗewa sai Talata. Abin da zai iya shi ne ya cire mataccen hannun, ya rage sarƙa, ya ɗora ta a kan faifai guda, keken ya zama mara giya. Ya bi faifan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, shida duk sarƙa na zamewa a kansu. Ɗan ƙaramin ne kaɗai ya rage, giya ta bakwai, wadda ta fi kowace nauyi, wadda ake sawa a miƙaƙƙen titi in ana son gudu.

"Ina za ka da shi goben?" in ji Mai Faci.

"Tudun bayan kasuwa."

Ya ajiye sifana ya dube ni. "Ka ci abinci sosai."

Litinin ƙarfe takwas saura muka haɗu mu huɗu a gindin tudu. Aka ɗaura wa kowa kwali a bayan keke, aka ce manaja tana sama bakin ƙofa tana kallo. Aka ce mu tafi. Sauran ukun suka danna giya mai sauƙi, suka zauna daram a kan sirdi, suna juya feda a natse, ɗaya har yana gyara agogo. Ni kuwa na miƙe tsaye a kan feda, na danna da duk nauyina, na ja kan keken har yana ƙara. Na gane tun a taku na goma cewa in na rage gudu feda za ta ƙi juyawa, in ta ƙi juyawa kuwa ƙasa zan yi da kwalin mutane. Saboda haka ban rage ba. Na wuce na farko, na wuce na biyu, na wuce mai agogo, idona na ganin taurari, ƙirjina kamar ana hura wuta. Ban san na iso ba sai da na ga takalmin manaja a gabana.

Ta zagaya bayan keken, ta duƙa, ta duba.

"Ba giya?"

Ba ni da numfashin magana, na girgiza kai.

"Da wannan ɗan ƙaramin ka hau?"

Na gyaɗa kai.

Ta juya ga magatakardanta. "Rubuta shi. Shekara biyu muna neman wanda zai riƙe mana unguwannin kan tudu, kowa ya yi sati sai ya gudu. Wannan ko giya ba ya buƙata. Mai agogon can a ba shi cikin kasuwa, shimfiɗaɗɗen wuri, ya dace da shi."

Na buɗe baki in yi bayani, iska kawai ta fito. Ta ce ba sai na yi godiya ba.

Na dawo gida ina tura keken, don ƙafafuna sun ƙi hawa. Murna nake yi har cikin raina, wata takwas na zaman banza sun ƙare, amma kuma ina tuna cewa daga gobe duk wani tudu da ke garin nan nawa ne, safe da yamma. Na tarar da Baba a ƙofar gida a kan kujera, Tela da Maman 'Yan Biyu na gefensa. Matata ta fito da gudu ta ce yaya. Na ce an ɗauke ni, na faɗa musu dalili.

Baba ya gyara zama, ya dubi 'yarsa, ya dubi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji ko? Wata takwas yana zaune da giya bakwai. Na zo, kwana huɗu." Ya miƙo mini hannu. "Ba komai, Ango. Ai ɗa na ɗauke ka."

Na so in tsaya a tsaye in faɗi abin da ke raina, amma cinyoyina suka yi rawa suka saki, na tsinci kaina durƙushe a gabansa, hannunsa cikin nawa. Tunda na riga na kai ƙasa, sai na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."